Kundin Digiri da Kalangun da Ba Ya Shiga Takarda

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiye kundaye na sashen harsunan Nijeriya, ko a Bayero ne, ko a Zariya, ko a Sakkwato, ya san ƙamshin wurin: ƙura, tsohuwar takarda, da bango mai kauri an rubuta sunan ɗalibi da ruwan zinare. Jawo goma, da wuya ka rasa na waƙar baka a ciki. Wani ya ɗauki Shata, wani Ɗanƙwairo, wata Barmani Choge, wani kuma ya koma garinsu ya zaƙulo makaɗin noma da ba a taɓa jin sunansa a rediyo ba. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi burge ni, don sau da yawa kundin nan ne kaɗai shaidar cewa an taɓa yin mutumin.

Al'adar tana da tushe. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan Mamman Shata, lokacin da mutane da yawa ke ganin makaɗi maroƙi ne kawai, ba abin da za a kai aji ba. Zuwa 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata kansa digirin girmamawa. Sai Sa'idu Muhammad Gusau ya fito da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, ya ba ɗalibai tsani: salsalar waƙa, turkenta, awon baka, salo da sarrafa harshe. Kalmomi irin su gindin waƙa da ɗiyan waƙa suka zama ruwan dare a bakin ɗan aji huɗu.

To amma dubi yadda ake aikin. Ɗalibi na zaune a bakin katifa, waya a hannu, abin saurare a kunne, yana mayar da waƙar Narambaɗa baya karo na bakwai saboda wata kalmar Gobirci ta ƙi fitowa. Ya samo ta, ya rubuta. Sai mawaƙi ya yi shiru, 'yan amshi suka ja baya, kotso ya ɗauki magana shi kaɗai na tsawon numfashi biyar ko shida. Nan alƙalami ke tsayawa. Ɗalibin ya jira har a koma rerawa, sannan ya ci gaba daga ɗa na gaba, kamar ba abin da ya faru. Alhali a nan ne fada take girgiza. Ɗan dambe ma da ya ji takensa ya miƙe yana kirari, ba baiti ya tayar da shi ba, kalangu ne ya kira sunansa.

Ba laifin ɗalibin ba ne kacokan. An koya masa waƙa a matsayin adabi, kuma adabi a aji abin karantawa ne. Yana iya ware maka kamance da siffantawa da jinsarwa, ya cika shafi ashirin, amma ba wanda ya taɓa ɗora masa kalangu a hammata ya ce matsa tsirkiyar nan ka ji yadda murya ke hawa da sauka. Shi ya sa kundi a kan Ɗan Maraya Jos zai ambaci kuntigi a layi biyu, ya ce tsirkiyarsa ɗaya, ya wuce. Yadda wannan tsirkiya ɗayar ke riƙe waƙa sukutum, ta yi masa aikin 'yan amshin da ba shi da su, sai ka nema ka rasa. Gusau ya bar gurbin kiɗa da rauji a tsaninsa. Ɗalibai ne ke tsallake matakalar da sauri.

Rawa kuwa marainiya ce. Amadar Barmani ba ta cika sai da ƙwaryar da aka kifa a ruwa da matan da ke juyi a tsakar gida, amma kundi kalmomin yake kwashewa, ya bar matan a can. Koroson Kano, da kacau-kacau a ƙafa da 'yan rawa bibbiyu suna lanƙwasa jiki, ta fi yawa a filin bikin al'adu fiye da kan teburin mai duba kundi. Akwai kuma kunya: yaro zai iya gaya wa mahaifinsa yana nazarin waƙa, amma ya ce rawa yake karanta, sai an yi zama.

A Samaru, harabar Jami'ar Ahmadu Bello, sashen wasan kwaikwayo yana da dandalinsa na ginin ƙasa, inda ɗalibai ke kaɗawa, su taka, a ba su maki a kan abin da jiki ya yi. Matsalarsu kishiyar ta farko ce. An yi wasan, an tafa, an watse. Abin da ya rage ɗan hoton bidiyo ne a wayar wani, wanda zai share shi ran da wuri ya cika. Masu iya rubutu suna wani gini, masu iya takawa suna wani, a jami'a ɗaya, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa.