3.4 Sharhi a Kan Jigo da Zubin Fim Ɗin Barbie in the Nutcracker

Kamfanin Mattel na Amurka ne ya fitar da wannan fim na zane mai motsi a shekarar 2001, kuma Owen Hurley ne ya ba da umarni. Tauraruwarsa ita ce Barbie, 'yar tsanar roba da kamfanin ya fara sayarwa a 1959. Tushen labarin kuwa wasan rawa ne irin na Turawa da ake kira bale, wanda Tchaikovsky ya tsara wa kiɗa, aka fara nuna shi a birnin Saint Petersburg na Rasha a 1892. Shi ma wasan an gina shi ne a kan labarin da Hoffmann, wani marubuci Bajamushe, ya wallafa a 1816.

Ta fuskar zubi, fim ɗin ya yi kusa da tatsuniya. Barbie ce ke ba ƙanwarta Kelly labari domin ta ƙarfafa mata gwiwa bayan ta kasa koyon rawa, kamar dai yadda yaya ke yi wa ƙanne da dare a tsakar gida. A cikin labarin, an kawo wa Clara tsarabar wani mutum-mutumin katako na fasa ƙwallon 'ya'yan itace, ashe yarima ne mai suna Eric da Sarkin Ɓeraye ya yi wa sihiri. Rikiɗar ɗan sarki zuwa wata halitta sanannen abu ne a tatsuniyoyin Hausa. Haka nan yaron da ya tashi a yankin Funtuwa da Malumfashi ba ya buƙatar a faɗa masa dalilin da ya sa ɓera ya zama mugu, domin ya ga ɓarnarsa a rumbun masara da dawa. A nan fim ɗin ya yi dace, ko da masu shirya shi ba su yi nufin haka ba.

Jigon ma abin yabo ne. Clara ta sha wuya tana neman wata gimbiya da za ta karya sihirin, daga ƙarshe ta gane ita ce gimbiyar. Wannan ya bambanta ta da Ƙoƙi, wadda galibi rawarta ba ta wuce ta matar Gizo ba.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne matsayin ita kanta 'yar tsanar. A ƙauyukan wannan yanki, yarinya ce ke ƙera 'yar tsanarta da karan dawa, ta yi mata zane da ƙyalle, ta raɗa mata suna, har ta tara ƙawaye a yi mata biki da 'yan tukwane. Ke nan yarinyar ce mai labarin, kuma a cikin wasan take koyon reno da girki da zaman tare. Barbie kuwa ta zo da sunanta da kamanninta da labarinta a kammale, farar fata mai dogon gashi, abin da ya rage wa yarinya shi ne ta kalla, sannan ta nemi a saya mata. Kamfanin ya fitar da 'yan tsanar Clara da Eric tare da fim ɗin, don haka ba laifi ba ne a kira shi talla mai tsawon fiye da awa guda.

Akwai kuma rauni ta fuskar salo. Raye-rayen, waɗanda aka ɗauko daga motsin ƙwararrun 'yan rawa na birnin New York, su ne ƙashin bayan wasan na asali, amma a fim ɗin an tura mafi tsawonsu zuwa ƙarshe, bayan rikici ya lafa. Ga mai kallon da bai san bale ba, bai kuma ji Ingilishi ba, wannan sashe ya zama tsaiko a daidai wurin da tatsuniya kan yi sauri ta kai ga ƙurunƙus.