Kyamarar Gwanjo da Amanar Fuska

A ɗakin mahaifiyata akwai wani hoto da ya girme ni. Kakata ce zaune bisa tabarma, ta ɗora hannu kan ƙwaryar fura, tana duban mai ɗaukar hoton kamar yadda ake duban ɗan maƙwabta da aka sani tun yana rarrafe. Wanda ya ɗauke shi yana cikin masu hoton nan da ke bin ƙauyukan Ƙiru da Bebeji a kan keke ranar salla ko suna, kyamara ɗaya rataye a wuya, labule naɗe a bayan sirdi. Kyamararsa ta gwanjo ce, gilashinta ɗaya, ba ya janyo abin da ke nesa. Na daɗe ina tambayar kaina ko wannan ƙarancin kayan aiki ya rage wa hotunansa daraja, ko kuwa shi ne ya ba su ita.

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi a irin waɗannan hotuna shi ne kusanci. Gilashin da ba ya janyo nesa yakan tilasta wa mai hoto ya taka da ƙafarsa. A ƙasarmu kuwa ba a matsowa kusa da dattijuwa sai an yi sallama, an gaisa, an nemi izinin maigida. Kafin a danna kyamara an riga an yi hira, fuska ta saki. Natsuwar da ke idon kakata daga nan ta samo asali. Na kwatanta wannan da hotunan makiyayan dajin Ɗansoshiya da na gani a jaridu lokacin da gwamnatin Kano ta buɗe rugar zamani a can a 2020. An ɗauke su da manyan kyamarori, launinsu ya fito ras, amma yawancin mutanen ciki ba su san da mai ɗaukar ba. Ka ga shanu, ka ga sanduna da malafuna, ba ka ga wanda za ka ce ka sani ba.

Na biyu shi ne tattali. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, kowanne kuma kuɗi ne, ga kuɗin motar kai shi wanki Kano. Mai hoton ƙauye ba shi da halin ɗauka goma ya zaɓi ɗaya, don haka yakan jira. Yakan kauce wa ranar tsaka da ke ƙona goshi ta duhunta ido, ya zaunar da mutum a inuwar zaure da hantsi ko da la'asar sakaliya, ya gyara masa zaman hula, sannan ya danna sau ɗaya. Haka Seydou Keïta na Bamako ya yi aiki. Ya fara da ƙaramar Kodak Brownie da kawunsa ya ba shi a 1935, ya buɗe wurin ɗaukar hoto a 1948, yana amfani da hasken rana a tsakar gida, zanen gadonsa ne labulensa na farko, kuma saboda tsadar kaya sau ɗaya yake ɗaukar kowane mutum. A Najeriya ma, J.D. 'Okhai Ojeikere da Brownie ya fara a 1950, kafin daga 1968 ya shiga ɗaukar hotunan kitson mata, har suka kai kusan 1,000. Daga baya ya riƙe kyamarori masu tsada, amma a kan mai arha idonsa ya koyi gani.

Sai dai adalci ya sa in faɗi inda masu hotonmu suka gaza, kuma laifin ba na kyamara ba ne. Keïta ya adana nagatif ɗinsa dubbai, shi ya sa da duniya ta waiwaye shi a shekarun 1990 aka sake wanke su manya-manya aka rataye a Faransa da Amurka. Namu kuwa, da an miƙa hoto an karɓi kuɗi, magana ta ƙare. Nagatif ya tafi bola ko gara ta cinye shi a kwali. An yi arha inda ya kamata, wato wajen kyamara, aka kuma yi arha inda bai kamata ba, wato wajen takarda da ajiya. Hoton kakata ya fara ja, gefensa ya ɗashe, kuma babu inda za a sake wanko shi. Idan na tuna da garuruwan da aka tasa lokacin gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, nakan yi tunanin kwali ɗaya na nagatif da zai iya nuna wa jikoki zaurukan da ruwa ya rufe.

Yau waya ta maye gurbin kyamarar gwanjo. Matashin da ke ɗaukar hoton biki a Kwanar Ɗangora ko Tudun Wada yana riƙe da abin da ya fi na wancan mai keke ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba na ganin laifinsa don bai ci bashi ya sayi kyamarar miliyoyi ba. Abin da nake zarginsa da shi biyu ne. Tun da ɗauka ba ta cin kuɗi, ya daina jira, sai ya danna ɗari ya bar manhaja ta goge kurajen amarya, ta haska fatarta har uwarta ta yi jim kafin ta gane ta. Sannan hotunan suna zaune a waya ɗaya, ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta a kasuwa, shekarun gari guda sun tafi.

Hukuncina shi ne mai hoton kakata ya yi zaɓi daidai, domin kyamarar da aljihunsa ya iya ɗauka ita ce ta kai shi har bakin tabarmarta. Wanda ya gaje shi ya riƙe wayarsa, ya matso kusa, ya yi sallama, ya jira haske. Kuɗin da ya rage masa kuma ya zuba shi a takarda mai kyau da ma'adana ta biyu, ya rubuta sunan gari da shekara a bayan kowane hoto. A bayan na kakata babu ko ɗaya, mahaifiyata ce kaɗai ta rage da ta san ranar.