4.3 Tarken Rahoton Bidiyon Dala na Jaridar Daily Nigerian

A wannan sashe za a duba rahoton da jaridar Daily Nigerian, wadda ake bugawa a intanet, ta fitar a watan Oktoba na shekarar 2018 a kan gwamnan Jihar Kano na lokacin, Dakta Abdullahi Umar Ganduje. Za a auna rahoton da ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998, waɗanda aka yi bayaninsu a babi na biyu. Za a kuma auna shi da ƙa'idar shaida ta shari'ar Musulunci, domin shi kansa mawallafin jaridar, Jaafar Jaafar, ya shigo da addini cikin zancen.

Rahoton ya yi zargin cewa gwamnan yana karɓar kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na kuɗin kwangila, har abin da ya karɓa ya kai dala miliyan 5. Hujjar da aka kawo ita ce hotunan bidiyo da aka ɗauka a ɓoye, inda ake ganin wani mutum da jaridar ta ce gwamnan ne, yana karɓar ɗaurin daloli yana zubawa a aljihun babbar riga. Gwamnatin jihar ta musa, ta ce haɗa hotunan aka yi. Wannan nazari ba alƙali ba ne, don haka ya ɗauki maganar a matsayin zargi. Abin da ya dame shi shi ne yadda aka gina rahoton.

Dole ne a fara da yabo. Sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida nauyin sa ido a kan gwamnati, amma kaɗan ne ke iya sauke wannan nauyi idan abin ya shafi gwamna mai ci, musamman a wurin da tallar gwamnati ce ke ciyar da kafafen watsa labarai da yawa. Jaridar ta buga, mawallafinta ya sa sunansa, ya kuma bayyana a gaban kwamitin Majalisar Dokokin Jihar Kano da aka kira shi. Gwamnan kuwa kwamishinansa na watsa labarai ya tura ya wakilce shi. Haka kuma mawallafin ya ƙi bayyana ɗan kwangilar da ya ba shi hotunan, wanda hakan ya dace da ƙa'idar kare majiya.

To amma a nan ne rauni na farko yake. Majiyar nan ba ɗan kallo ba ne, shi ne mai miƙa kuɗin. Hadisin da ya yi magana a kan rashawa bai ware mai bayarwa daga la'ana ba, ita ma dokar ƙasa ba ta ware shi ba. Idan duk rahoto ya rataya a wuyan mutumin da ke da hannu a cikin abin, kuma aka ɓoye sunansa, to wajibi ne a nemo wata hujjar da ba ta hannunsa ta fito ba, kamar takardun kwangila, da ranakun da aka biya, da adadin da aka biya. Jaridar ta ce masana hoto sun duba bidiyon sun gaskata shi. Wannan ya amsa tambayar ko hoton na gaske ne, amma mai karatu yana da sauran tambayoyi: kuɗin na wane aiki ne, kuma me ya sa mai bayarwar ya juya baya a wannan lokaci? Bugu da ƙari, an fitar da hotunan ne ɗaya bayan ɗaya, ana saura 'yan watanni zaɓen 2019, a daidai lokacin da Kano ta rabu tsakanin Gandujiyya da Kwankwasiyya. Shi kuma mawallafin ya taɓa zama mai taimaka wa Rabi'u Musa Kwankwaso kan watsa labarai a zamanin gwamnatinsa. Wannan ba ya ƙaryata rahoton, sai dai ya ba masu musu sandar duka, kuma takardu ne kaɗai za su iya ƙwace ta daga hannunsu.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazari shi ne shigar da mawallafin ya yi majalisa rataye da Alƙur'ani. A idon Bakano wannan ya fi kowane bayanin masana hoto ƙarfi, domin an yi imani cewa wanda ya dafa Alƙur'ani a kan ƙarya ba zai wanye lafiya ba. Ta fuskar isar da saƙo, an dace. Ta fuskar ƙa'ida kuwa akwai gyara. Sanannen abu ne a fiƙihu cewa kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Ke nan ɗan jaridar, wanda shi ne mai da'awa, ya ɗauki abin da yake na wanda ake ƙara. Daɗin daɗawa, ba ya nan lokacin da aka ɗauki hotunan, saboda haka iyakar abin da zai iya rantsewa a kai shi ne cewa ya yarda da su kuma bai sauya su ba. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ma binciken labari ta yi umarni da shi. A ɗaya ɓangaren kuma magoya bayan gwamnan suna kiransa Khadimul Islam, wato mai hidimta wa Musulunci. Da haka sai gardamar ta tashi daga kuɗin kwangila ta koma kan wane ne ya fi tsoron Allah, abin da babu kwamiti ko jaridar da za ta iya aunawa.

Wanda ya ɓace a cikin wannan duka shi ne talaka. A 2018 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 18,000 ne, dala kuma tana wajen naira 360 a kasuwar canji. Dala miliyan 5 ke nan ta kai kusan naira biliyan 1.8, wato albashin wata guda na ƙananan ma'aikata 100,000. Idan zargin ya tabbata, ɗan kwangila ba daga aljihunsa yake fitar da kashi 25 ba, daga jikin aikin yake cirewa, ko ya rage siminti, ko ya rage kaurin kwalta, ko a ƙara kuɗin kwangilar tun a takarda. Nauyin rahoton ya karkata ga hannu da aljihu, shi ya sa abin da ya zauna a bakin jama'a shi ne laƙabin da aka haɗa daga sunan gwamnan da kalmar dala, da ba'ar da ake yi wa babbar riga. A ganin mai nazari, da an bi aiki guda ɗaya tak an nuna abin da aka ware da abin da ke ƙasa, da mai sayar da ruwa a kura ya gane cewa da shi ake.

Abubuwan da suka biyo baya sun ƙara fito da wannan bambanci. A ƙarshen 2018 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke cewa majalisa ba ta da hurumin binciken laifi irin wannan, sashe na 308 na tsarin mulki kuma ya hana a gurfanar da gwamna mai ci. Ganduje ya kai ƙarar ɓata suna yana neman naira biliyan 3, ya sake cin zaɓe a Maris na 2019 bayan zagaye na biyu, sannan ya janye ƙarar a 2021, shekarar da Jaafar ya bar ƙasar zuwa Ingila yana cewa ana barazana ga rayuwarsa. Sai a 2023, bayan an sauya gwamnati, hukumar yaƙi da rashawa ta jihar ta ce binciken ƙwararru ya gaskata hotunan, wato ita ma wannan hujja ta zo ne da launin siyasa a jikinta. Amma a Nuwamba na 2022, bayan an kama wasu samari biyu masu barkwanci a TikTok da suka yi wa gwamnan ba'a, cikin 'yan kwanaki wata kotun majistare a Kano ta yanke musu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30.