Tsinken da ke karanta jini cikin minti 10

Ni dai a bar ni da HemoTypeSC! Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin gwajin jini a Sabon Tasha, NEPA ta ɗauke wuta, injin ilaktaroforasis ya yi tsit, ga saurayi da budurwa a benci suna jiran takardar jinotayif da fasto ko liman ya ce sai sun kawo, ya san dalilin da ya sa nake rawar jiki a kan wannan ɗan tsinke siriri, mara nauyi, mara son wuta, wanda ko firiji bai nema ba. Ɗigon jini daga yatsa, ɗan ruwa a kwalba, minti 10. Shi ke nan.

'Yan'uwana 'yan lab, abin da ya fi tafiya da hankalina shi ne furotin ɗin kansa yake kamawa, wato himogulobin. Tun 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa himogulobin na mai sikila daban yake tafiya idan aka sa masa lantarki. A 1957 Vernon Ingram a Kambirij ya gano sirrin: amino asid ɗaya tal ya sauya, balin ya hau kujerar gulutamik asid a wuri na 6. Ɗaya tal! Kuma ga shi yanzu an dasa wa tsinke antibodi masu wayo, masu ido, masu tsantseni, da ke rarrabe himogulobin A da S da C saboda irin wannan ɗan bambanci. Kai, Allah ya yi wa masana baiwa.

Jarirai kuwa, nan ya ƙwace zuciyata gaba ɗaya. Jinin jariri cike yake da himogulobin F, wanda kan rikita tsofaffin gwaje-gwaje, amma tsinken ko a jikinsa. Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da tawagarta sun gwada irin waɗannan tsinkayen a wuraren rigakafi na Gwagwalada, aka buga sakamakon a 2020, ya nuna uwa za ta kawo yaro allura ta koma gida da sanin jinotayif ɗinsa. A ƙasar da ake haifar yara kusan 150,000 da amosanin jini, wato sikila, duk shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne: ana iya fara ba yaro maganin kariya tun kafin ciwon ƙashi na farko ya kwantar da shi.

Ƙorafina? Karatunsa a juye yake. Layin da ya ɓace shi ke nuna furotin ɗin yana nan, sabon ma'aikaci in bai nutsu ba sai ya rubuta AC a inda SS take. Talasimiya ma ba ya ganinta, sai an tura jinin babban lab. Kuma tunda daga Kalifoniya yake zuwa, dala na tashi kuɗinsa na tashi. Duk da haka, a ajiye mini kwali guda a kowane asibitin sha-ka-tafi daga Unguwan Boro har Kakuri, a koya wa nas-nas karanta layin, ku ga aiki.