Uwar da ke cikin labari da uwar da ke Dakoro

Duk mai bin labaran Hausa na wannan zamani, ko waɗanda ake karantawa a WhatsApp ne, ko waɗanda ake saurare a YouTube, ko finafinan Kano masu dogon zango da ake turawa daga waya zuwa waya a Dakoro da Kornaka da Birnin Lalle, ya san uwaye biyu da suka cika fili. Ta farko tana zaune bisa darduma da carbi a hannu, ba ta da abin faɗi sai a yi haƙuri, in abu ya yi tsanani ta zubar da hawaye ta sa albarka. Ta biyu uwar miji ce ko kishiyar uwa, fuska a ɗaure, ta tsani yarinya tun kafin ta gan ta, kuma kafin labari ya yi nisa za a same ta gaban boka. Ana sauya musu suna da atamfa, hali dai yana nan yadda yake. A ganina an tauye su duka biyun, kuma ta kirkin ta fi cutuwa. Muguwar ko ba komai an bar ta tana so tana ƙi, tana ƙulla dabararta. Ta kirki kuwa an kwashe mata sana'a da ra'ayi da fushi da kuskure, an bar ta da addu'a kaɗai. Uwayen da adabinmu ya kasa mantawa da su ba ta wannan hanya aka gina su ba.

Asalin wannan rabo ba ɓoyayye ba ne. Daga tatsuniya ya fito, daga gidan mowa da bora, inda ake tura ɗiyar bora wanki a ruwan Bagaja ta dawo da arziki saboda ladabinta, ɗiyar mowa kuma ta bi sawunta ta dawo da wulaƙanci saboda rashin kunya. A tatsuniya wannan ba laifi ba ne. Gajeren labari ne na dare, ana faɗa wa yara kafin barci ya ɗauke su, dole fari ya zama fari, baƙi ya zama baƙi. Laifin yana wurin marubucin da ya ɗauko wannan ma'auni ya auna littafi mai shafi ɗari uku da shi, ko fim mai kashi hamsin, kuma ya ce manya yake rubuta wa.

A duba Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito a 1934 bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Sunan malamin aka sa wa littafin, amma wanda ya karanta shi, ko ya ga fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976, uwar ce ke zauna masa a rai. Ta bar ɗanta a hannun wata ta tafi ganin danginta, aka sace yaron a bayanta. Marubucin zamani zai zaunar da ita a ɗaki ta yi ta kuka har ƙarshen littafi. Tafawa Ɓalewa ya tayar da ita tsaye. Ta fita nema ita kaɗai a lokacin da mace ba ta da tsaro a kan hanya, aka yaudare ta a Kano, aka sayar da ita, ta ƙetare hamada cikin bauta har ƙasar Libiya ta yau, ba ta sake ganin ɗanta ba sai da ya zama babban mutum, ita kuma ƙarfinta ya ƙare, ta rasu ba da jimawa ba. Abin lura shi ne kowane mataki na wahalarta daga shawarar da ta yanke ya taso. Ita ta bar yaron, ita ta zaɓi fita, ita ta amince da wanda bai cancanci amana ba. Mai karatu yana iya cewa ta yi ganganci, yana iya cewa ba ta da wata hanya, kuma wannan gardamar ce ta sa take raye shekara casa'in bayan an rubuta ta. Haƙurinta yana da nauyi saboda mun ga abin da ta biya.

Haka Rabi ta Balaraba Ramat Yakubu a Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, kuma Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Rabi uwar ƴaƴa tara ce, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne da ke tauye cefane yana kashe kuɗi a waje, har ya auro Delu, rikici ya kai ga ya kori Rabi da ƴaƴanta. Abin da Balaraba ta yi, wanda ƴan baya da yawa suka kasa, shi ne ta bi Rabi zuwa murhu. Mun ga ta kama sana'ar sayar da abinci, mun ga lissafin kuɗin makaranta da na kayan ɗakin ɗiyarta Saudatu, mun ga mace tana gano cewa za ta iya riƙe gida ba tare da wanda ya wulaƙanta ta ba. Da gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, maza na dangi suka taru suka matsa mata ta koma, ta koma ba da son ranta ba. Har yau masu karatu ba su daina musu a kan wannan ƙarshe ba, wasu na ganin an yi mata adalci tunda yanzu ita ke da iko a gidan, wasu na ganin an sake cutar ta da sunan sulhu. Ni ina tare da na biyun, amma ba wannan ne muhimmi a nan ba. Muhimmin abu shi ne Rabi tana da ranta, har za a iya tilasta mata abin da ba ta so. Uwar darduma ba a iya tilasta mata komai, don marubucinta bai taɓa ba ta abin da take so ba.

Ɗaliban Nijar da suka karanta Mariama Bâ a makaranta sun san irin wannan a Ramatoulaye ta Une si longue lettre na 1979, malamar makaranta mai ƴaƴa goma sha biyu wadda mijinta ya auri ƙawar ɗiyarsu. Ta ƙi auren ɗan'uwan mijin bayan rasuwarsa, kuma da ɗiyarta ta yi ciki ba aure, ta yi fama da zuciyarta kafin ta rungume ta. Tsofaffin masu kallon finafinan Indiya kuma ba su manta Radha ta Mother India na 1957 ba, wadda ta yi noma da hannunta ta biya bashi, a ƙarshe ta harbe ɗan cikinta don kada ya keta mutuncin ɗiyar wani. Abin mamaki a namu ɓangaren, macen da ta fi shahara a ƙagaggen labarin Nijar, Sarauniya ta Abdoulaye Mamani ta 1980, marainiya ce da uwarta ta rasu, namiji ya yi renonta. Muna da jaruma ta fagen yaƙi, muna jiran wanda zai rubuta mana jarumar tsakar gida.

Kuma ba rashin abin rubutawa ba ne. A ƙasar Dakoro, da zarar an gama girbin hatsi da wake, maza da yawa sukan tafi cin rani Najeriya ko Libiya ko Aljeriya, a bar mace da rumbu da yara da tsofaffi da bisashe har damina ta kusa. Ita ke auna abin da za a daka yau don ya kai gobe, ita ke yanke shawarar ko a sayar da akuya ko a ƙara jira, ita ke bin layin rijiya a kwarin Tarka inda ruwa ke da nisa a ƙasa. A yunwar 2005, bayan fari da fara na shekarar da ta gabata, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a Dakoro, uwaye ne suka goyo yaran daga ƙauyuka, kuma kowace sai da ta zaɓi tsakanin zaman jinyar ɗaya da barin sauran a gida da gona ba mai nomewa. A wannan jiha ta Maraɗi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, mata suna zuba kuɗi duk mako suna ba juna rance, tsarin da daga baya ƙasashe da dama suka kwaikwaya. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga yankin Kance na jihar Damagaram, ƙishirwa ta kashe su a kan hanyar Aljeriya. Hamadar da uwar Shaihu Umar ta ƙetare ba ta daina cin uwaye ba. Wace shawara mace ke yankewa da dare kafin ta ɗauki ƴaƴanta ta hau irin wannan mota? Wa ta yi wa ƙarya, wa ta ci bashinsa, wane ɗa ta bari? Littafi guda ne cur a cikin waɗannan tambayoyi, amma marubutanmu suna can suna kwatanta falon wata Hajiya a Abuja.

Za a ce darajar uwa a Musulunci da al'adar Bahaushe ta wuce a riƙa tona kurakuranta a gaban jama'a, tunda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ambaci uwa sau uku kafin uba a wajen cancantar kyautatawa. Wannan magana ce mai nauyi, amma ba ta goyi bayan abin da ake yi ba. Darajar ta samo tushe ne daga ɗawainiya, daga ciki da naƙuda da shayarwa da reno, wato daga aikin da labaranmu suka daina nunawa. Wanda ya ɓoye wahalar ya ɓoye dalilin girmamawar. Ban da haka, masu wannan hujja ba sa tayar da ita in an nuna uwar miji tana binne layu a ƙofar ɗakin amarya, alhali ita ma uwar wani ce. Ashe ba mutuncin uwa ake karewa ba, uwar jarumin labari kaɗai ake wankewa, a jibga dattin a kan uwar wani.

Akwai kuma masu cewa kunya ce ta hana, domin uwar Bahaushe ba ta bayyana abin da ke ranta, ɗan fari ma ba ta kama sunansa. Gaskiya ne, sai dai wannan shi ne babban dalilin da ya sa ake buƙatar marubuci. Abin da mace ba za ta faɗa a tsakar gida ba, littafi yana iya shiga zuciyarta ya jiyo shi. Abubakar Adam Ibrahim ya nuna haka a Season of Crimson Blossoms na 2015, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016. Hajiya Binta, bazawara mai shekara 55, ta rayu tana ɗauke da ciwon cewa ɗanta na fari ya mutu ba ta taɓa kiran sunansa ko nuna masa so a fili ba, kuma daga wannan ciwo ne kuskurenta mafi girma ya fito. Mutum yana iya ƙin abin da Binta ta aikata, da yawa sun ƙi, amma ba wanda zai ce bai san mace mai irin wannan shiru ba. Abin takaici kawai shi ne da Turanci aka rubuta shi, matan da ya fi shafa ba su da hanyar karanta shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kasuwa: mugayen uwayen miji da kishiyoyin uwa suna nan a zahiri, kuma masu kallo suna son ganinsu. Ba na musun ko ɗaya. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, Daso, wadda ta rasu a watan Afrilu na 2024, ta shekara fiye da ashirin tana fitowa a irin wannan matsayi, jama'a kuma suka so ta ƙwarai. Amma a lura da abin da aka so. An so kaifin bakinta da barkwancinta da yadda take cika fage, wato rayuwar da ita ƴar wasan ta zuba wa matsayin da sau da yawa aka rubuta shi a bushe. Kuma muguntar uwar miji ta gaskiya tana da tarihi. Macen da aka aurar tana ƙarama, ta yi shekara talatin ba ta da abin dogaro sai ɗanta namiji, in ta ga wata ta zo za ta raba ta da shi da abin da yake aikowa daga cin rani, tsoro ne ke fara kama ta kafin ƙiyayya. Marubucin da ya nuna wannan tsoro bai wanke ta ba, ya dai sa surukai da matan ƴaƴansu da ke kallo tare sun gane kansu. Wanda ya tura ta wurin boka a kashi na biyu ya guje wa aikin ne kawai.

Kirana ga masu rubutu na Maraɗi da Dakoro da Tasawa, musamman mata masu shiga gasa irin Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, da samarin da ke ɗaukar fim da waya, shi ne su daina aro uwa daga finafinan Kano. Su ba ta sana'a da za mu ga yadda ake yin ta, su ba ta bashi da ranar biya, su ba ta ɗan da ta fi so ko da ba ta faɗa ba, su bar ta ta yanke shawarar da za ta iya zama kuskure, kamar aurar da ɗiya don a rage bakin ci, sannan su zauna da ita bayan an kai amarya. In ta yi addu'a bayan wannan, mai karatu zai san abin da take roƙo. Ku rubuta ta da Hausar da take magana da ita, ku karanta mata ta saurara, in ta ce ba haka ba ne ku koma ku gyara.