4.3 Sharhi a Kan Zaɓen Launin Kayan Doki da na Mahayi a Hawan Daushe

A sassan da suka gabata an kawo sunayen kayan doki da amfanin kowanne. A nan kuwa za a dubi yadda ake haɗa launin waɗannan kaya da tufafin mahayi, musamman a Hawan Daushe, wato hawan da Sarkin Kano yake yi washegarin Sallah da yamma, inda yakan ziyarci Babban Ɗaki ya zaga unguwannin cikin birni, sannan ya dawo Ƙofar Kudu a yi jafi. An zaɓi wannan hawa ne saboda a cikinsa hakimai suke wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da tawagarsa, don haka a nan ne ido yake samun damar auna kwalliyar wani da ta wani.

Abin da wannan sashe yake son tabbatarwa shi ne, yayin da ake yi na sanya wa doki da mahayinsa launi guda tak, tun daga rawani har zuwa jalala, bai dace da tsarin adon hawa na gargajiya ba, kuma ko ta fuskar kyan gani kawai aka auna shi, bai kai tsohon tsarin ba.

4.3.1 Matsayin Launi a Tsohon Tsari

Kafin kayan hawa su zama na ado, na yaƙi ne da na mulki. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a shekarar 1908, ya nuna cewa Sarki Kananeji (1390-1410) ne ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Haka kuma ya danganta dawakin zage da kakaki da figini da takalmin gashin jimina ga Muhammadu Rumfa (1463-1499). Wannan ya nuna tun asali kowane abu da aka ɗora wa doki ko mahayi yana da saƙon da yake isarwa. Launi ma haka yake. Ja da kore na dogarai ne, duk wanda ya hango su daga nesa ya san Sarki ya kusa. Rawani mai kunne biyu yana nuna jinin sarauta, alkyabba tana nuna muƙami. Ke nan mai kallo a bakin hanya yana karanta tawaga ne kamar yadda ake karanta rubutu.

Abu na biyu, wanda shi ne ya fi muhimmanci ga wannan sharhi, shi ne Bahaushe ba ya fara zaɓen launi daga tufafin mutum. Daga gashin doki yake farawa. Shaidar haka tana cikin harshen kansa, domin kowane launin doki yana da sunansa na musamman: farin doki kili ne, baƙi wuluk akawal, mai ruwan madara gunya, ja bikili, mai dabbare-dabbare kuwa danda. Al'ummar da ta tanadi sunaye irin waɗannan ba za ta ɗauki jikin doki a matsayin allon da za a lulluɓe ba. Saboda haka ma'abota hawa sukan nemi abin da zai fito da dokin. Idan kili ne, sai a ɗora masa jalala mai duhu, ja ko shuɗiya, mai aikin zare ruwan zinariya, mahayin kuma ya naɗa baƙin rawani ɗan Kura mai ƙyalli. Idan akawal ne, sai a juya lissafin, farar riga da farin rawani su hau baƙin doki, jan labbati ya raba tsakani a ƙirji. A nan kowane launi yana taimakon ɗan uwansa ne ta hanyar saɓa masa.

Su kansu rinin da aka gada sun taimaka wajen wannan daidaito. Baba na marinar Ƙofar Mata yana ba da shuɗi mai zurfi, karan dafi yana ba dukawa jan fata, saiwar rawaya tana ba da launin da ya ci sunanta. Launuka ne kaɗan, kuma masu nauyi, waɗanda ba sa faɗa da juna ko da an tara su wuri guda. Lifidi ma hujja ne. Ba a san shi da launi ɗaya ba, guntayen ƙyalle ne ja da rawaya da shuɗi ake harhaɗawa a cusa audugar rimi a ciki, amma ba wanda ya taɓa kiran ɗan lifida da rashin tsari.

4.3.2 Shigowar Anko

Anko ya samo hanyarsa ne daga bukukuwan aure zuwa fagen hawa. Yadda ake yi shi ne, a je Kantin Kwari a yanko shadda ko yadi iri ɗaya ga dukkan mahayan tawaga, sannan a je Kasuwar Kurmi a nemi kayan doki masu wannan launi, idan ba a samu ba a ba da ɗinki. Sakamakon shi ne a ga tawaga guda, alal misali mahaya ashirin, rigunansu ruwan hoda, rawunansu ruwan hoda, jalala da suka-dubu da ƙamazuru duk ruwan hoda.

Adalci ne a faɗi amfanin wannan tsari kafin a soke shi. Na farko, yana bambanta tawagar wannan hakimi da ta wancan a cikin cunkoso, wanda ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna ƙuncin hanyoyin cikin birni. Na biyu, yana da sauƙin kuɗi. Rigar saƙi ko ta tsamiya mai aska takwas aikin watanni ce, ba kowane saurayi ne zai iya mallakarta ba, amma yadin anko kowa yana iya yanka, don haka samari da yawa suka sami shiga hawa. Waɗannan dalilai ne masu ƙarfi, kuma wannan bincike bai raina su ba.

Sai dai matsalar tana farawa ne daga lokacin da ankon ya sauka daga jikin mahayi ya hau jikin doki. Dawakin tawaga ɗaya ba launinsu ɗaya ba. Jar jalalar da ta haska kili ita ce za ta ɓace a bayan bikili, domin ja a kan ja ba ya fitowa. Farin kayan da suka ƙawata akawal, idan aka ɗora su a kan gunya sai dokin ya zama kamar ya yi dauɗa, alhali kuwa launinsa ke nan. Danda shi ya fi kowa shan wahala, saboda jikinsa ya riga ya zo da nasa zanen, ƙara masa kaya masu walƙiya sai ya rikita ido. Wato launi guda da aka zaɓa tun a kasuwa, ba tare da an dubi dokin ba, zai dace da wasu ne kawai ya cuci sauran.

Akwai kuma batun lokaci da wuri. Hawan Daushe hawan yamma ne, kuma kafin a kai ga jafi rana ta yi sanyi, ƙura ta tashi, hayaƙin 'yan bindiga ya gauraye filin. A irin wannan yanayi launuka marasa nauyi kamar ruwan hoda da ruwan sararin samaniya sukan dushe, doki da mahayi su zama dunƙule guda, ba a gane inda riga ta ƙare da inda jalala ta fara. Wannan hasara ce, domin kyan jafi shi ne a ga mahayi ya miƙe a kan likkafa, ya ja linzami doki ya yi turjiya, ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Idan launi bai raba jikin mutum da na dabba ba, gwanintar zaman sirdi ta ɓuya. (Mai yiwuwa a hoton wayar hannu da aka ɗauka da rana tsaka a ƙofar gida ankon ya yi kyau, amma ba don ƙofar gida aka shirya hawa ba.)

Abin da ya fi wannan muni shi ne rushe bambancin matsayi. Idan hakimi da ɗansa da baransa duk suka fito cikin launi ɗaya, sai mai kallo ya koma neman alkyabba kafin ya gane mai tawagar. Haka nan tawagar da ta zaɓi ja da kore don sun burge ta, ta shiga gonar dogarai ko ta sani ko ba ta sani ba.

Masu goyon bayan anko suna iya kafa hujja da ƙasashen Turai, inda a gasar dawaki mai matakai uku, irin wadda ake yi a Badminton ta Ingila tun 1949, mahayi yakan daidaita launin rigarsa da hularsa da shimfiɗar sirdinsa. Amma wannan a matakin tsallake shingaye a fili ne kawai. A matakin nuna horon doki sai ya koma kwat mai duhu da farar shimfiɗa. Ban da haka, a can mahayi ɗaya ne da doki ɗaya, yana da damar duba gashin dokinsa kafin ya zaɓa. A Kano kuwa tawaga ce mai dawaki iri-iri, kuma ba maki ake nema ba, mubaya'a ake kaiwa.

Tun da hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da aka gada a watan Disamba na 2024, abin da aka sanya wa doki ya zama abin da baƙi za su ɗauka a matsayin al'adar Kano. Hanyar da ta fi dacewa ita ce anko ya tsaya a rigunan mabiya, tun da a nan ne amfaninsa yake. Hakimi ya fita daban da alkyabbarsa. Kayan doki kuwa a bar wa gashin doki ya zaɓa, sai dai a sami abu guda ƙarami, kamar labbati ko tuntun ƙamazuru, wanda zai ɗauki launin tawagar ya ɗaure ta wuri ɗaya. Wannan ba zai ƙara wa mai hawa kuɗi ba, illa dai ya tilasta masa shiga barga ya dubi dokinsa kafin ya tafi Kwari.