Ƙashin Talo-talo Ya Fi Miyar Gwangwani

A Amurka, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ranar talo-talo ce. Tun 1941 majalisar dokokin ƙasar ta tsayar da ita don bikin godiya da suke kira Thanksgiving, kuma ƙungiyar masu kiwon talo-talo ta ƙasar tana ƙiyasta cewa ana cin kusan miliyan 46 a bikin. Sai dai ainihin gwanintar girki ba ranar take fitowa ba. Sai washegari Juma'a, baƙi sun watse, uwargida ta buɗe firji ta tarar da rabin tsuntsu ya cika mata wuri.

Maganin da Amurkawa suka saba da shi sunansa kasarol. A yayyaga naman a faffaɗan kwanon gilashi, a haɗa da taliya ko shinkafa, a kwarara miya mai kauri, a barbaɗa cuku da garin burodi, a tura tanda har sama ta yi ja, gefe yana tafasa. Ɗumame ne irin nasu, kuma duk wanda ya san daɗin tuwon da ya kwana ba zai raina shi ba. Ni dai a ganina, kasarol ɗin da aka yi da kyau ya fi gasasshen talo-talon ranar bikin daɗi.

Dalilin yana jikin tsuntsun. Talo-talon kasuwa an kiwata shi ne don faɗin ƙirji, farin naman kuwa ba shi da kitse. Kafin cinya ta nuna, ƙirji ya wuce lokacinsa, in ya kwana a firji sai ka yi ta tauna babu romo. Naman yana bukatar ruwa da maiƙo, kasarol kuma su yake mayar masa. Wannan dabara ce ta raya Tetrazzini, taliya da farar miya da laimar kwaɗi irin wadda ake ci, girkin da aka raɗa wa sunan mawaƙiyar Italiya Luisa Tetrazzini a farkon ƙarni na 20.

To daga ina ruwan zai fito? A nan muke rabuwa da Amurkawa. A 1934 kamfanin Campbell's ya fito da miyar gwangwani ta kirim da laimar kwaɗi, a 1955 kuma ma'aikaciyarsa Dorcas Reilly ta ƙirƙiro kasarol ɗin koren wake da ita. Tun daga nan gwangwanin ya mamaye ɗakin girki, musamman a jihohi irin su Minnesota, inda ba a taron coci sai da irin wannan kwano. Ba na zagin matar da ta kwana biyu a tsaye gaban murhu don ta buɗe gwangwani, gajiya gaskiya ce. Amma miyar gishiri ya yi mata yawa, kuma duk abin da ta taɓa ɗanɗanonta yake ɗauka. Ka rufe ido, ba za ka bambance na talo-talo da na kifin tuna ba.

Yayin da ake yi yanzu a TikTok da Instagram ma ya fi wannan ɓata mini rai. Sai a kwashe duk abin da ya rage a tebur a jera shi hawa-hawa a kwano ɗaya: dakakken dankalin Turawa a ƙasa, nama, burodin da aka cusa cikin tsuntsun, jan miyar kiranberi mai zaƙi da tsami, sannan tulin cuku. A bidiyo yana da kyau, cukun yana jan zare. A baki kuwa, dankalin ya yi danƙo, burodin ya jiƙe ya zama taɓo, zaƙin ya bi ko'ina. Wannan share firji ne kawai, an sa masa sunan girki.

Alhali abin da ya fi komai daraja yana kwandon shara, wato ƙashin. A karya ƙwarangwal ɗin tsuntsun, a zuba a tukunya da fukafukai da fata, a sa albasa da karas da seleri, a rufe da ruwa, a rage wuta a bar shi awa uku. Ba a tsaye a kansa. In ya huce za ka ga romon ya daskare yana rawa, alamar ƙashi ya saki abin da ke cikinsa. A narka bota, a soya fulawa kaɗan a ciki, a riƙa zuba romon ana juyawa, a ƙara madara. Minti goma ya isa. Naman kuma a tuna ya riga ya dahu, don haka rabin awa a tanda ya wadatar, taliyar ma a sauke ta da sauran ƙarfinta. Ni ina ƙara tafarnuwa da jan barkono, domin farar miya ba ta ƙin yaji. Mutanen Ingila sun gane haka, su da ke mayar da ragowar talo-talon Kirsimeti miyar kori.

Akwai kuma batun lokaci, wanda masu bidiyo ba su cika ambata ba. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce a sa ragowar a firji cikin awa biyu da sauke ta, a cinye cikin kwana uku zuwa huɗu, in an ɗumama kuma zafin tsakiyarta ya kai digiri 74 a ma'aunin Celsius. Sake gasa naman a kasarol ba hujja ba ce ta ja shi har mako. Tsuntsun Alhamis, zuwa Litinin ko dai an cinye shi ko an daskarar da shi a firiza. Saboda haka romon tun daren bikin ya kamata a ɗora shi, ana wanke-wanke yana dahuwa.